Minti Ukun Jan Biro

A asibitin nan Barkono suke ce mini, kuma ban taɓa musun sunan ba. Shekara goma sha tara ina nas a ɗakin maza. Na yi faɗa da likitoci, na yi da masu gadi, na yi da 'yan dubiyar da ke zama a gefen gadon mara lafiya su cika shi da surutu. Amma duk faɗan nan na baki ne, in an kwana biyu na manta. Mutum ɗaya ne na riƙe a raina, na kwana da shi na tashi da shi, shi ne jami'in gudanarwarmu, wanda muke kira Jan Biro saboda biron da ba ya rabuwa da aljihun rigarsa.

Ɗan siririn mutum ne mai takalmi mai ƙara. Tun daga ƙarshen baranda za ka ji ƙiiƙ-ƙiiƙ ɗinsa, in ya zo saitin ƙofarmu kuma sai ya zaro hankici ya kai hanci kamar mura ce ta kama shi. Bai taɓa wuce bakin ƙofar ba. Mun rubuta masa sau uku cewa aiki ya fi ƙarfinmu, mutane sun yi kaɗan, masu tafiya suna tafiya ba a kawo madadinsu. A na ukun ne aka tura shi wani kwas na kwana uku, ya dawo mana da abin da ya sa wa suna Minti Uku.

Ga yadda abin yake. An kafa lasifika a kowane ɗaki. Ƙarfe sha ɗaya na safe da ƙarfe huɗu na yamma ƙararrawa za ta kaɗa, sai muryar wata mata ta fito, a hankali, kamar wadda ba ta taɓa jiran mota a rana ba. Uwar Sanyi muka sa mata. Za ta ce ka ajiye abin da ke hannunka, ka zauna, ka ja numfashi. Ka ƙirga abu biyar da kake gani, huɗu da kake ji, uku da jikinka ke taɓawa. Daga ƙarshe ka saki abin da ke ranka. In ka gama sai ka sa hannu a rajista. Da 'yan ɗakin gwajin jini suka fara taruwa a ƙarƙashin bene suna gulma da sunan numfashi, Jan Biro ya fitar da takarda aka manna a kowane bango, ya ja layi da ja a ƙarƙashin wurin da ya ce kowa ya yi nasa a bakin aikinsa, ba a wani wuri ba.

Ba zan yi wa abin ƙarya ba, ba shi da laifi. Masu ba da magani sun ce ciwon kansu ya ragu. Wata a ɗakin haihuwa ta ce ta daina yi wa mijinta tsawa in ta koma gida, muka ce to ko shi kaɗai an taimaki bawan Allah. Abu ne mai kyau ga wanda ke da wurin ajiye abin da ke hannunsa.

Auta ba ta da shi. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ni na raine ta bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma a hannuna na hagu ta koyi neman jijiya, har yau akwai tabon. Shekararta uku da fara aiki aka turo ta ɗakinmu. Gado talatin da huɗu gare mu. A jadawalin da ke manne a bango, nas huɗu ne a kowane aikin safe. A ƙasa kuwa mutum ɗaya ce, ko ni ko Auta, don biyu sun bar aiki tun watanni, ɗaya tana hutun haihuwa, amma sunayensu na nan daram. Jan Biro bai goge su ba. Ya riga ya gaya wa hukumar asibiti cewa tun da aka kawo Minti Uku ƙorafi ya ƙare, to da wane baki zai koma ya ce a ba shi mutane.

Ina hutun mako biyu abin ya faru. Auta ta yi aikin yamma, mai karɓarta ba ta zo ba ta zarce, gari ya waye ta sake zarcewa da na safe. Wajen azahar ta ɗauko tiren allurai, tana tsakanin gado na sha takwas da na sha tara jiri ya ɗebe ta, ta zube. Mai gado na sha tara wani dattijo ne da muke ce wa Baba Tela, an yi masa aiki a ciki yana murmurewa, saura kwana biyu a sallame shi. Ya ga yarinya a ƙasa, ya yunƙura ya ɗaga ta, ƙafarsa ta zame a ruwan allurar da ya zube. Ya karye a ƙugu.

Kwana biyu bayan haka takardar tuhuma ta iso gidanmu. Na karanta ta a tsaye. An ja layi da ja a ƙarƙashin jimla ɗaya: wai kwana goma sha ɗaya Auta ba ta sa hannu a rajistar Minti Uku ba, ta ƙi amfani da hanyar da asibiti ya tanada don lafiyar ma'aikata, saboda haka faɗuwarta sakacinta ne, karayar dattijo kuma a wuyanta take. An dakatar da ita. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis, in ya same ta da laifi a kore ta, a kuma rubuta wa masu ba da lasisi. Ma'ana ba za ta ƙara riƙe allura a ko'ina ba.

Auta ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Farar rigar aikinta ta ɗauko ta goge, ta rataye, an jima ta sauke ta sake gogewa. Abinci sai na tsaya a kanta. Da ta ga ina ɗaura ɗankwali irin ɗaurin da ta sani, sai ta riƙe mini hannu.

"Yaya, don Allah kar ki je ki yi faɗa."

Na ce mata gaisawa kawai za mu yi.

Ban ƙwanƙwasa ƙofar Jan Biro ba. Abin da na faɗa masa ba zan maimaita ba, amma masinjan ofis ɗin da ke can ƙarshen baranda ya ce ya ji har da na kakanni. Jan Biro yana zaune cikin sanyin na'ura, ya haɗa yatsunsa, yana murmushi. Da na tsaya shan iska sai ya ce, cikin muryar Uwar Sanyi, "Sista, ja numfashi." Ya zaro biron ya rubuta wani abu a ƙaramin littafi. Ya ce an sa sunana cikin shaidu ranar Alhamis tunda ni ce babba a ɗakin, kuma in na ɗaga murya a gaban kwamiti kamar yadda na yi yanzu, tawa takardar a shirye take, sa hannu kawai ya rage.

A kan bene na gane abin da yake so. So yake in je in yi ta ihu, kwamiti ya ce ai gidan nasu haka suke, a haɗa ni da Auta a share. Na tsani mutumin nan a lokacin. Na rantse a raina sai na ga ranar da hannunsa zai yi rawa kamar yadda na Auta ke yi in ta ɗauki kofi.

Kwana huɗu suka rage. Na koma aiki washegari, ni kaɗai kamar kullum, kuma a karo na farko na fara yin Minti Uku da gaske. Ba don in huce ba. Harshena nake koya wa zama, don na san in bai zauna ba zai kashe mu mu biyu. Zama dai babu, a tsaye nake yi, ina canza ledar ƙarin ruwa ina jan numfashi, ina ƙirga abu biyar. Abin mamaki kuma, da ka fara ƙirga abin da kake gani sai ka fara ganinsa. Shekara goma sha tara ina wuce bangon nan ban kalle shi ba. Ranar Talata, a ƙirgen sha ɗaya, idona ya sauka a kan jadawali mai suna huɗu, kusa da shi kuma takardar Jan Biro mai jan layi: kowa a bakin aikinsa. Na tuna an rubuta mini in bayyana gaban kwamiti sha ɗaya saura kwata. Na tsaya da leda a hannu ina murmushi har mai gado na uku ya tambaye ni ko lafiya.

Ranar Alhamis na bi gadajen ɗaya bayan ɗaya, na ba kowa maganinsa, na roƙi Inna mai shara ta tsaya a bakin ƙofa, in wani abu ya taso ta rugo ta kira ni. Na cire takardar nan daga bango na ninke ta a aljihu.

Shugabar kwamitin wata tsohuwar likitar tiyata ce da ta yi ritaya, tana dogara sanda, fuskarta ba ta nuna komai. Akwai wasu mutum biyu a gefenta. Auta na zaune a kujerar ƙarshe, ta sa hannuwanta tsakanin gwiwoyi. Jan Biro yana tsaye yana bayanin Minti Uku, yadda ya kawo shi, yadda ya gyara asibiti, yadda ma'aikaciya ɗaya tak ta raina shi ga kuma sakamakon. Ya buɗe rajista ya nuna layi goma sha ɗaya babu sa hannu. Tsohuwar Likita ta tambaye shi nas nawa ke aikin safe a ɗakin maza, ya ce huɗu, ya miƙa mata kwafin jadawali. Na ja numfashi, na ƙirga fanka, labule, kofin shayinsa, sandar tsohuwa, takalminsa.

Sai ƙararrawa ta kaɗa.

Ban yi zaton zai sauƙaƙa mini haka ba. Ni na shirya in roƙa, sai ga shi da kansa ya ce wannan dama ce kwamiti ya ga abin da idonsa. Ya juyo gare ni da murmushin nan, ya ce Sista ta jagorance mu, tunda kaf asibitin nan ba wanda ya fi ta bukatar sanyin zuciya.

Na miƙe a hankali. Na zaro takardar na shimfiɗa a gaban Tsohuwar Likita.

"Ranki ya daɗe, da na so, amma doka ta hana. Ga shi nan da jan biro, kowa a bakin aikinsa. Ni kuma ina kan aiki yanzu haka. Sai dai in za ku biyo ni."

Ta karanta, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe. Sannan ta jawo sandarta. Jan Biro ya fara cewa ai ba sai an wahalar da ita ba, ga bene, ga zafi, ta ce ta hau benen da ya fi wannan da mutum a kafaɗa. Haka muka jera, ita a gaba, Auta a baya, takalmin Jan Biro yana kuka a tsakiya.

Kafin mu isa Uwar Sanyi ta gama nata ta yi shiru. A bakin ƙofa muka tarar da Inna mai shara riƙe da kwalbar fitsari cike, mai gado na biyu ya matsu ta taimaka masa. Na karɓa na yi mata godiya, don ba aikinta ba ne. Jan Biro ya kai hannu aljihu zai zaro hankici. Na ce matakin farko, a ajiye abin da ke hannu. Na duba teburinmu, fayil ne da magunguna har baki. Na duba kujera, katan ɗin ƙarin ruwa ne a kai. Sai na juya na miƙa masa, shi kuma ya karɓa, yadda mutum ke karɓar duk abin da aka miƙo masa kafin ya yi tunani. Ya tsaya da ita a hannu biyu, nesa da rigarsa, ga Tsohuwar Likita a gefensa, ba halin ya ajiye a ƙasa.

Na ce mu ja numfashi. Na ja nawa har ƙasa, na ga shi ma dole ya ja nasa, ba hankici.

Na fara ƙirga abu biyar da murya mai sanyi, wallahi Uwar Sanyi da kanta sai ta yi kishi. Na ɗaya, gado talatin da huɗu, kowanne da mutum. Na biyu, kujerar da ake so mu zauna a kai, ga abin da ke zaune a kanta. Na uku, ledar ruwan gado na bakwai ta ƙare tun muna sama, na je na canza ina magana. Na huɗu, jadawali mai suna huɗu: wannan ni ce, wannan ta bar aiki wata bakwai da suka wuce, wannan wata biyar, wannan tana gida da jariri. Na biyar, na waiwaya hagu da dama ina neman nas, na ce ni dai kaina kaɗai nake gani, ko akwai wanda ya ga wata.

Na ce saura abu huɗu da muke ji, kowa ya yi shiru ya saurara. Ba sai na ƙirga ba. Tari daga can ƙarshe. Wani yana kiran Sista, wani ma yana kira daga ɗaya ɓangaren. Sai wata murya daga gado na sha tara, Baba Tela, kwance da ƙarfe a ƙafa. Ya hango Auta a bayanmu, ya ce 'yata, ke ce, ya jikin naki. Auta ta rufe baki da hannu.

Tsohuwar Likita ta taka har gabansa ta tambaye shi ko shi ne wanda ya faɗi. Ya ce shi ne, kuma tun da ya faɗi ba wanda ya zo ya tambaye shi yadda aka yi. Ya ce shi tela ne, idonsa ya saba da lura, kuma duk kwanakin da ya yi a gadon nan bai ga yarinyar nan ta kai mazaunanta kujera ba. Ta tambaye shi me Auta ke yi in ƙararrawa ta kaɗa.

"Likita, kullum da wani a hannunta. Ranar da aka fito da ni daga tiyata, matar nan ta cikin bango tana cewa a ajiye abin da ke hannu, ni ne a hannunta, tana juya ni ina amai. Da ta bi maganar, ni za ta ajiye."

Sai Tsohuwar Likita ta juyo ta tambaye ni me ya rage a cikin darasin. Na ce abu uku da jiki ke taɓawa. Ta dubi Jan Biro ta ce shi ya faɗa mana nasa, ɗaya ma ya isa. Hannunsa na rawa, fitsarin yana kaɗawa a cikin kwalba, na tsaya na kalli rawar nan da kyau don na daɗe ina jiranta. Da ƙyar ya ce yana jin ɗumi. Mai gado na biyu ya ce ai sabo ne.

Ita da kanta ta zare biron daga aljihunsa, tunda hannuwansa ba su da sarari. Ta karɓi takardar tuhumar Auta ta ja mata layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa ta sa hannu. Ta je bango ta soke suna uku. Sannan ta ce Minti Uku abu ne mai kyau, ita ma za ta fara yi, kuma ba daidai ba ne a hana nas ɗin ɗakin maza. Saboda haka daga gobe, sha ɗaya da huɗu, jami'in gudanarwa zai sauko ya tsaya a ɗakin nan, ya amsa kira, ya miƙa kwalba, ya karɓi kwalba, nas ta zauna ta yi numfashinta, har ranar da sunayen nan uku za su zama mutane masu ƙafa. Ta miƙo mini biron ta ce in riƙa rubuta lokacin zuwansa.

Mako tara ya yi yana zuwa. Na rubuta kowane minti da ya makara, da ja, na ja layi a ƙasa. Na san gadon da ya fi tsana, can nake fara tura shi. Ranar da Auta ta dawo aiki na zo duk da ba ranata ba ce, na sauke katan daga kujera da hannuna. Ƙararrawa ta kaɗa, ta zauna, ta rufe ido, kafin Uwar Sanyi ta kai abu na uku barci ya ɗauke ta, bakinta a buɗe kamar lokacin da take goye a bayana. Jan Biro ya zo zai ce minti uku sun cika, na dube shi, ya koma wajen kwalabensa.

An kawo nas uku a mako na goma. Ban taɓa ganin takarda ta yi gudu a ofis ɗin nan kamar wannan ba.

Baba Tela ya fita da sanduna biyu. Ƙugun ya haɗu amma a karkace, ƙafar ba ta iya taka keken ɗinki, Auta ta je gaishe shi ta tarar an lulluɓe keken da zane an ɗora masa kwanuka. Ta dawo ta shige ɗaki. Ita har yau in za ta wuce tsakanin gado na sha takwas da na sha tara sai ta riƙe tire da hannu biyu ta rage sauri.

Ina yin Minti Uku kullum yanzu, a zaune, kuma yana yi mini amfani, hawan jinina ma ya sauka. Ina ajiye abin da ke hannuna, ina ƙirga biyar, huɗu, uku. In Uwar Sanyi ta zo wurin a saki abin da ke rai, nan nake buɗe ido in tashi in koma aiki. Jan Biro ya aiko masinja sau biyu a karɓar masa bironsa. Na ce a gaya masa ya sauko da kansa, yana aljihuna, ina gado na sha tara.